Jeri Cikin Jeri: Dalilin Da LaTeX Ke Tsayawa a Hawa Huɗu

Duk wanda ya taɓa shirya takardar jarrabawa ko daftarin doka ya san ciwon kan jeri cikin jeri. Ga tambaya ta 1, ƙarƙashinta (a), ƙarƙashin wannan kuma i da ii. Ana cusa sabon batu a tsakiya, sai lambobin da ke ƙasa su goce gaba ɗaya.

Manhajar LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina a farkon shekarun 1980 bisa TeX ɗin da Donald Knuth ya fitar a 1978, ta sauke wa marubuci wannan nauyi. Ba shi ke buga lamba ba. Nasa kawai ya buɗe enumerate idan jeri mai lamba yake so, ko itemize idan mai ɗigo ne, ya sa \item a gaban kowane batu. Idan ya buɗe wani jerin a cikin na farko, manhajar ta san an shiga hawa na biyu, sai ta tura rubutun ciki, ta sauya alama.

A jeri mai lamba, hawa na farko 1, 2, 3 ne, na biyu ƙananan haruffa, na uku ƙananan lambobin Romawa, na huɗu manyan haruffa. A mai ɗigo kuwa, baƙin ɗigo ke fara zuwa, sai karan ɗori, sai tauraro, sai ɗan ƙaramin ɗigo. A jeri mai lamba, kowane hawa da maƙirginsa, saboda haka idan an ambaci batu na 3 a wani shafi ta hanyar \label da \ref, ambaton zai bi shi duk inda ya koma.

Daga huɗu ba ƙari. Ka nemi hawa na biyar na iri ɗaya, aiki ya tsaya, manhajar ta ce ka nutsa da yawa. Kunshin enumitem na Javier Bezos yana iya ɗage wannan iyaka, kuma lauyoyi na da uzurin yin haka. Amma a ganina iyakar gata ce. Mai karatun da ya kai hawa na biyar ya riga ya manta abin da na farko ke magana a kai, kuma layin ya ƙara tsukewa.

Akwai inda mai rubutun Hausa zai kula. Haruffan da manhajar ke jerawa na Ingilishi ne guda 26: daga b sai c, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, ga kuma p da q. Wanda ke son jerinsa ya bi abacadar Hausa, sai ya tsara wa maƙirgin haruffan da hannunsa.