Zaɓen Sauna ta Gida: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Gina Ɗakin Gumi

Sauna wani ɗan ɗaki ne da ake lulluɓe bangonsa da rufinsa da katako, sannan a zafafa shi har ya kai digiri 70 zuwa 100 a ma'aunin salshiyos, domin mutum ya zauna a ciki na ɗan lokaci ya yi gumi sharkaf, ya fito ya sha iska ko ya watsa ruwan sanyi, ya kuma koma idan ya so. Ƙasar da ta fi shahara da wannan al'ada ita ce Finland da ke arewacin Turai, inda aka ƙiyasta cewa akwai sauna kimanin miliyan uku ga al'ummar da ba ta wuce miliyan biyar da rabi da kaɗan ba, kuma a shekarar 2020 hukumar UNESCO ta shigar da al'adar cikin jerin abubuwan gado na ɗan Adam. Da yake mutanen ƙasar sun daɗe suna gina ta a gidajen ƙauye da na birni, gogewarsu ta tabbatar da cewa yanayin gida da lafiyar mazauna cikinsa ne ya kamata su yanke hukunci a kan irin da za a zaɓa, tun kafin a waiwayi farashi ko ƙyalƙyalin talla.

Ginshiƙin sauna ta gargajiya shi ne murhu mai ɗauke da tulin duwatsu masu jure wuta, waɗanda idan suka yi zafi ake yayyafa musu ruwa da ludayi, sai wani tururi mai laushi da mutanen Finland ke kira löyly ya tashi zuwa rufi, ya sauko a kan kafaɗun masu zama. Iskar ɗakin busasshiya ce a mafi yawan lokaci, shi ya sa jiki ke iya jure zafin da ya kusa na tafasar ruwa, kuma kowane ludayi da aka zuba yana ƙara damshi na ɗan lokaci gwargwadon abin da mai wanka yake so. Abin da ya raba nau'o'in sauna shi ne hanyar da ake samar da wannan zafi.

Mafi daɗewa ita ce sauna ta hayaƙi, wadda ba ta da bututun fitar da hayaƙi, sai dai a hura itace a ƙarƙashin duwatsu na tsawon sa'o'i masu yawa, a bar wutar ta mutu, a buɗe ƙofa da 'yar taga har hayaƙin ya fice sarai kafin kowa ya shiga. Masana suna yaba taushin zafinta da ƙamshin bangonta da ya yi baƙi, har ma UNESCO ta karrama wadda ake yi a yankin Võromaa na Estoniya a 2014, amma tana cin yini da itace mai yawa, tana kuma saurin kama gobara, saboda haka ba ta dace da kowa ba sai mai fili a karkara wanda zai gina ta nesa da ɗakunan kwana.

Ta biyu ita ce mai murhun itace da bututun hayaƙi, wadda ta fi yawa a gidajen hutu na bakin tafkuna, kuma takan yi zafi cikin kimanin sa'a guda. Amfaninta shi ne ba ta dogara da lantarki ba, sannan wutar da ke ci tana janyo sabuwar iska cikin ɗakin, amma tana bukatar busasshen itace, da kwashe toka, da share bututu a kai a kai, da kuma barin tazara tsakanin murhu da bangon katako. Bututun da ya toshe ko ya tsage yana iya maido da iskar kabon monosaid, wato gubar nan marar launi da wari wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Ta uku ita ce mai murhun lantarki, wadda ta bazu a biranen Finland bayan tsakiyar ƙarni na 20, ita ce kuma ta sa aka iya gina sauna a gefen banɗaki a cikin gidajen bene. Ba ta da hayaƙi ko toka, tana da na'urar daidaita zafi da agogon da ke kashe ta da kansa, kuma ana zuba wa duwatsunta ruwa kamar sauran. Ƙa'idar da masu ƙera murhun ke bayarwa ita ce kimanin kilowat ɗaya ga kowace kubik mita ta girman cikin ɗakin, don haka ɗakin da ke da tsawon mita 2, faɗin mita 2 da tsayin mita 2.1 zai bukaci murhu mai kilowat 8 zuwa 9, kuma idan akwai ƙofar gilashi ko bangon bulo da ba a lulluɓe ba sai a ƙara, domin suna zuƙe zafi. Wannan nauyi ya fi ƙarfin soket na ɗaki, yana bukatar layin wuta na musamman da ƙwararren mai aikin lantarki, kuma duk inda wuta ba ta tsayawa, kamar yadda ake fama a Najeriya da Nijar, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba.

Akwai wasu nau'o'i biyu da ake sayarwa da sunan sauna ko da yake aikinsu daban ne. Na farko akwati ne na katako mai allunan da ke fitar da hasken infirared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, wanda ke ɗumama fata kai tsaye yayin da iskar ciki ke tsayawa a digiri 45 zuwa 60. Yana cin wuta kaɗan, yana da sauƙin haɗawa, amma ba shi da duwatsu, ba a kuma zuba masa ruwa. Na biyu ɗakin tururi ne, ɗan'uwan hamam na Turkiyya da Maroko, wanda zafinsa ke tsakanin digiri 40 da 50 amma damshinsa ya kusa ɗari bisa ɗari, yana kama da siracen da aka sani a ƙasar Hausa, kuma dole a gina shi da tayil da magudanar ruwa tun da katako ruɓewa yake yi a irin wannan laima.

Ko wane iri aka zaɓa daga cikin masu murhu, tsarin ɗakin yana da muhimmanci daidai da murhun kansa. Tun da zafi sama yake taruwa, ana so rufi kada ya wuce mita 2.3, bencin sama ya kasance kimanin mita ɗaya da ɗan kai a ƙasan rufin, ƙafafun mai zama kuma su kai tsayin duwatsu, in ba haka ba kai ya ɗauki zafi ƙafa tana sanyi. Ana yin benci da katako marar ƙaro wanda ba ya riƙe zafi, irin su aspen na Turai da obeche na dazuzzukan Afirka ta Yamma, wanda ake kira wawa a Gana da ayus a Kamaru, sannan a ɓoye kawunan ƙusoshi don kada su ƙone fata. Wajibi ne a bar kafar shigar iska kusa da murhu da ta fita a bangon da ke fuskantarsa, ƙofa kuma ta riƙa buɗewa waje ba tare da makulli ba.

Ta fuskar lafiya, binciken da aka fi ambata shi ne wanda aka gudanar a yankin Kuopio a kan maza 2,315 da aka bi diddiginsu kimanin shekara 20, aka wallafa shi a 2015, inda aka ga mutuwa ta dalilin ciwon zuciya ta fi ƙaranci a tsakanin masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako idan aka kwatanta da masu shiga sau ɗaya. Binciken ya nuna alaƙa ce kawai, kuma a kan sauna ta gargajiya aka yi shi, don haka ba daidai ba ne a jingina sakamakonsa ga kowane akwatin zafi da ke kasuwa. Mai ciwon zuciya, da mai fama da faɗuwar jini, da mai juna biyu, ya kamata su nemi shawarar likita tukuna, kowa kuma ya sha isasshen ruwa, ya fito da zarar ya ji jiri.

A taƙaice, mai fili da itace ya nemi murhu mai bututu, mazaunin birni mai tsayayyiyar wuta ya nemi na lantarki, wanda wuri ko wuta suka yi masa ƙaranci kuma ya wadatu da na infirared bisa sanin cewa wani abu ne daban. Duk wanda ba zai iya samar da iska mai kyau da aikin wuta mai inganci ba, gara ya dakata da ginin har sai ya samu hali, domin rigakafi ya fi magani.