Sabunta antibirus a kwamfutar da aka kashe wa sabuntawar Windows: misalin Mirriya

1. Gabatarwa

Wannan takarda tana duba wata matsala da ake gamuwa da ita a burori, makarantu da shagunan buga takardu na Mirriya, garin da ke wajen kilomita 18 gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Gure. Sau da yawa, wanda ya girka Windows a cikin kwamfuta yakan kashe sabuntawa ta kai tsaye (mise à jour automatique) tun kafin ya miƙa ta ga mai ita. Yana da hujjarsa. Intanet a nan galibi ta wayar salula ake samun ta, da forfe da aka saya a Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom, kuma babbar sabuntawa guda na iya cinye forfen mako a yini ɗaya. Ga kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa, wadda kan bar na'ura ta kasa tashi. Masu buro ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agusta 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar. Abin da ba a cika lura da shi ba, shi ne cewa kashewar takan tafi har da sabuntawar antibirus. Za mu nuna cewa ana iya raba su biyun, sa'annan mu faɗi iyakar wannan dabara.

2. Abin da ake sabuntawa

Antibirus yana aiki ne kamar mai tsaron ƙofar gari da aka ba kamannin ɓarayin da aka sani. Waɗannan kamanni su ake kira signatures a Faransanci. Mu za mu ce da su alamomi. Ɓarawon da ya fara sata bayan an ba mai tsaro jerin, zai iya wucewa ta gabansa har su gaisa. Gaskiya ne antibirus na yanzu yana kuma lura da halayen da ba su dace ba, yana tambayar rumbun kamfaninsa ta intanet, to amma ga na'urar da ba ta cika hawa intanet ba, jerin da ke cikinta shi ne kusan dukan dogaronta.

Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, yana da sassa uku da ake sabuntawa: alamomi, da ke fitowa sau da dama kowace rana, injin bincike, kamar sau ɗaya a wata, da gangar jikin shirin (plateforme), ita ma wata-wata. Bisa al'ada duka ukun ta Windows Update suke biyowa. Ke nan wanda ya toshe wannan hanya ya toshe su duka, alhali ɗan hoton garkuwa yana nan a gefen allo, mai na'ura yana ganinsa hankalinsa kwance. Abin dubawa shi ne kwanan wata: a buɗe Sécurité Windows, a shiga Protection contre les virus et menaces, a karanta ranar da aka yi alamomin da ke ciki. In ta wuce mako guda, akwai gyara.

3. Hanyoyin da ba su bi ta Windows Update ba

Ta farko ta na'urar da ke samun intanet ce, ko da jefi-jefi. A cikin jakar Windows Defender, ƙarƙashin Program Files, akwai ɗan shiri mai suna MpCmdRun.exe. Idan aka buɗe Invite de commandes da izinin administrateur, aka shiga jakar, aka rubuta MpCmdRun.exe -SignatureUpdate -MMPC, zai ɗauko alamomi kai tsaye daga cibiyar tsaro ta Microsoft. Ana iya ɗora wannan umurni a Planificateur de tâches domin ya riƙa gudana da kansa. A zaɓi lokacin da aka san na'urar na kunne, kamar ƙarfe 9 na safe. Sanya shi tsakar dare ba ya da amfani a buron da ake rufewa da yamma.

Ta biyu ita ce ta fi dacewa da Mirriya, a ganinmu. Microsoft yana ajiye cikakken kunshi a shafinsa na tsaro, mai suna mpam-fe.exe, wanda ya ƙunshi alamomi da injin bincike. Girmansa ya haura megabet 100, saboda haka sauke shi a kowace na'ura asara ce. Mutum guda ya sauke shi inda intanet ke da ƙarfi, ko a Damagaram ne in ya shiga, ya sa a kile (clé USB), ya bi na'urorin buro ɗaya bayan ɗaya. Danna shi kawai ake yi. Ba ya nuna komai a allo, sai a koma a duba kwanan wata don a tabbatar ya shiga. A kula akwai na 32 bits da na 64 bits, kowace na'ura da nata. Kunshin ba ya ɗauke da plateforme. Ita ana samun ta dabam a Microsoft Update Catalog da lamba KB4052623.

Sai dai kilen da ke yawon kai magani yana iya zama mai yawon kai cuta. Duk wanda ya yi aiki a shagon fotokofi ya san birus ɗin da ake kira raccourci, mai ɓoye takardu ya bar inuwarsu, wanda ke bin kile daga shago zuwa buro. Wannan hanya tsohuwa ce: Brain, da ya fito daga Lahore ta Pakistan a 1986, ta disket ya yaɗu. Don haka a keɓe kile guda don wannan aiki kaɗai, kada a ba da aronsa ko ga shugaban buro, kuma a bincike shi a na'ura mai sababbin alamomi kafin kowane zagaye.

Akwai kuma hanyar da ta fi kashewa sauƙi, watau a shaida wa Windows cewa intanet ɗin ta awo ce (connexion limitée). A haka yakan dakatar da mafi yawan manyan sabuntawa. Amma Defender shi ma yakan dakata, sai an ba shi izini a PowerShell da Set-MpPreference -MeteredConnectionUpdates $true.

4. Iyakar dabarar

Sarkin Damagaram Tanimu ya kewaye Birni da garu a ƙarni na 19, kuma ko ƙofa nawa aka tsare, garun da ya tsage sai an yaɓe shi. Sabuntawar Windows ita ce yaɓen. A ranar 12 ga Mayu 2017, birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ya nemi kuɗin fansa. Ya shiga ne ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe tun 14 ga Maris na shekarar, da gyaran MS17-010. Waɗanda ba su girka gyaran ba su ne ya kama, ba tare da kowa ya danna komai ba. Saboda haka muna ganin ya dace a riƙa buɗe Windows Update da hannu sau ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu, ranar da Microsoft ke fitar da gyare-gyarensa, a lokacin da ake da wuta tabbatacciya ko batir cike.

Ga tsofaffin Windows kuwa yaɓen ya ƙare. An daina tallafa wa XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, ko da yake Microsoft ya ce alamomin Defender za su ci gaba da zuwa wa Windows 10 har Oktoba 2028. Na'urar da ke kan XP ko 7, gara a cire ta daga intanet a bar ta ga buga takardu.

Saura wani ƙaramin abu da ke wahalar da masu gyara. Kwamfutocin da ake sayowa na hannu sukan zo da ɗan batirin agogonsu (CR2032) a mace, sai kwanan wata ya koma baya da shekaru duk lokacin da aka kashe na'urar. Da kwanan wata na ƙarya, na'ura takan ƙi amincewa da takardun shaidar shafin Microsoft, saukewa ta tsaya, a ɗora wa intanet laifi. Kafin a sake sayen forfe, a duba agogo. Batirin ana samun sa wurin masu gyaran agogo a kasuwa.