Titin Heidelberg: kangayen da aka yi wa ado

A gabashin birnin Detroit na ƙasar Amurka akwai wani titi da ake kira Heidelberg. Birnin ya yi suna wajen ƙera motoci, amma da masana'antu suka ja baya sai jama'a ta watse. A shekara ta 1950 mazaunansa sun kai miliyan 1 da dubu 850. Ƙidayar 2020 ba ta samu dubu 640 cikakku ba. Gidaje da yawa suka zama kangaye.

A shekara ta 1986 wani mai zane, Tyree Guyton, wanda a titin nan ya girma, ya ɗauki tsintsiya da fenti. Kakansa Sam Mackey da yaran unguwa suka kama masa. Suka share filaye, suka tsinto abin da masu ƙaura suka bari a baya: takalma, kekuna, akwatunan talabijin, ƙofofin mota. Suka kakkafa su a bango, suka rataya wasu a itatuwa. Wani gida aka lulluɓe shi da faya-fayen garmaho, wani da ƴan tsana, wani kuwa aka yi masa ɗigo-ɗigon launi tun daga ƙasa har rufi. Babu ƙofar shiga, babu kuɗin kallo. Baƙo yana ratsawa ta tsakiyar kayan da ƙafarsa, kuma duk takalmin da ya gani, akwai ƙafar da ta taɓa sa shi.

Ba kowa ya yi murna ba. Wasu maƙwabta sun ce an tara masu bola a ƙofar gida an kira ta fasaha, kuma maganarsu abin saurare ce, domin baƙo ya kalla ya tafi, su kuwa nan suke kwana. Sau biyu hukumar birni ta aiko da motocin rusau: a 1991, zamanin magajin gari Coleman Young, da 1999, zamanin Dennis Archer. Daga 2013 zuwa 2014 aka yi ta cinna wa gidajen wuta, har gidan faya-fayen da na ƴan tsana suka ƙone ƙurmus.

A 2016 Guyton da kansa ya ba da sanarwar zai kwance kayan sannu a hankali, bayan shekara 30. Gidan ɗigo-ɗigon, wanda shi ne gidansu na haihuwa, ya tsira daga rusau da gobara.