Ƙugi bayan an kashe kontak

Babur mai ƙafa uku na Can-Am Spyder, wanda kamfanin BRP na Kanada ya fito da shi a 2007, yakan tayar wa mai shi hankali bayan an canza masa papiyon, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji: an kashe kontak, amma siririn ƙugi bai daina ba. A sababbin samfura, ƙaramin injin lantarki ke juya ƙofar, kuma ƙwaƙwalwar babur ba ta mutuwa nan take, sai ta gwada ƙofar tukuna. Ƙugin 'yan daƙiƙoƙi ba ciwo ba ne. In ya ƙi tsayawa, zai iya shanye batir. Kafin a sayi wani papiyon, makaniki ya duba mahaɗar wayoyi, ya daidaita sabon da ordinatar.