Gajerun Layuka a Littafin Kwaya: Kada Su Ba Mu Tsoro

Yawancin mawaƙan ikilisiyoyinmu da do-re-mi suka tashi, tsarin da wani fasto a Ingila, John Curwen, ya yaɗa tun shekarun 1840. Amma littattafan waƙa masu murya huɗu da mai kiɗan ogan yake buɗewa, da layuka biyar aka rubuta su. Rubuta murya a kan layuka kuwa tsohon aikin ikilisiya ne, domin wani mai hidimar Allah a Italiya, Guido na Arezzo, shi ya daidaita shi a ƙarni na 11.

Layuka biyar da filaye huɗu da ke tsakaninsu, murya tara ke nan. Muryar mutum kuwa ta wuce tara. Saboda haka idan waƙa ta haura ko ta gangara, sai a ja ɗan gajeren layi a sama ko a ƙasa, a ɗora alamar a kai. A nan ne muka lura 'yan kwaya da yawa suke tuntuɓe. Wasu sukan yi shiru har a wuce wurin, wasu kuma su koma bin sofrano, sai waƙar murya huɗu ta zama ta murya biyu a tsakiyar sujada.

Alhali babu sabon abu a ciki. Ƙirga ce kawai take ci gaba: layi, fili, layi, fili, kamar hawan tsani.

Mu ɗauki layukan sama, na sofrano da alto. Layin ƙasa shi ne E. Alamar da ke rataye a ƙarƙashinsa D ce. Wadda gajeren layi na fari ya ratsa ita ce C ta tsakiya, a ƙarƙashinta B, layi na biyu kuma A. 'Yan alto, nan ne gidanku, ku san shi kamar hanyar rijiya. Ta sama kuwa, layin ƙarshe F ne, sai G a bisansa, sai A a kan gajeren layi na fari.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, wannan C ɗin dai ita ce take zaune a gajeren layi na fari bisa layukan teno da bes. Murya ɗaya ce aka rubuta a wuri biyu. Ɗan teno da ya gan ta can sama kada ya tsorata, ba ta fi ƙarfinsa ba.

Mai do-re-mi kuma ya fara neman inda do take. Idan waƙar a F take, C ta tsakiya ita ce so ta ƙasa. Idan a G ce, fa ta ƙasa ce.

Muna roƙon shugabannin kwaya su ware minti 10 a kowace ranar koyo, su zana layukan a allo da alli, kowa ya fito ya ƙirga da yatsa. Rubuta sunan murya da fensir a gefen littafi ba laifi ba ne ga mai koyo, amma bayan wata guda a goge.