Bayani a Kan Taliyar Mai Shayi a Samaru da Sabon Gari

  

Wanda duk ya bi hanyar Sakkwato ta cikin Samaru bayan sallar lisha, daga bakin kasuwa har ƙofar jami'a, ko kuwa ya ratsa Sabon Gari daga PZ zuwa Kwangila, zai ga tebura jefi-jefi a gefen titi, kowane da fitilarsa da bencinsa. Teburin mai shayi ke nan. Dā abin da a ke samu a kansa shayi ne da burodi, in an yi arziki a soya ƙwai. Yanzu kuwa an sami ƙari: katan-katan na taliyar leda a jere kamar tubali, ga 'yar tukunya a kan wutar gas ba ta sauka. Mutum ya zo ya yi sallama, ya sami gefen benci ya zauna, ya ce, "Mai shayi, a dafa mini biyu, da ƙwai biyu, a sa attaruhu sosai." Shi kuwa ya ce, "To, Malam, da ruwa-ruwa ko a tsane?" Sa'an nan ya yanka albasa da attaruhu, ya kakkarya taliyar cikin tafasasshen ruwa, ya farke 'yar ledar ɗanɗano ya zazzaga. Kafin mai karatu ya kai ƙarshen sumuni guda, an juye a faranti, an rufa mata soyayyen ƙwai, an miƙo da cokali mai yatsu. Jama'a suna kiranta indomi, ko da wane kamfani ya yi ta, domin Indomie ce ta fara shigowa, sunanta ya bi sauran.

Ba banza ba wannan sana'a ta yi ƙarfi a waɗannan wurare biyu. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, sa'ad da hanyar dogo ta Baro zuwa Kano ta ratsa ƙasar Zazzau, ta isa Kano a 1911. Ma'aikatan jirgi da akawuna da leburori da fatake suka zauna a wajen ganuwa. Samaru kuwa ta tashi ne a gefen gonar gwajin shuke-shuke da aka kafa a 1922, kāna Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta da ɗalibai daga kowace kusurwa. Watau dukansu biyu garuruwan baƙi ne tun asali. A cikin birni magidanci yana da murhu a bayan zaurensa. A nan kuwa akwai dubban mutane masu ɗakin haya da katifa da buta, ba su da mai tuƙa musu tuwo: ɗalibi, da ɗan ci-rani, da mai tuƙa a-daidaita-sahu, da direban babbar mota da ya yada zango, da maigadi. Inda gwauraye suka taru, mai dafa abinci na sayarwa ba ya rasa ciniki.

Ita taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ba kuma baƙuwa ba ce a littattafan Musulmi. Sharif al-Idrisi, wanda ya gama littafinsa na labarin ƙasa Nuzhatul Mushtaƙ a shekara ta 548 ta Hijira, watau 1154, ya ambaci wani gari a tsibirin Siƙilliya inda a ke yin busasshiyar taliya, wadda Larabawa ke kira idriyya, ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Nasara. A nan gida kuma akwai taliyar murji, wadda mata ke kwaɓawa da fulawa da gishiri, su murza a ɗan inji, su shanya a igiya, a ci da mai da yaji. Sabon abu shi ne wadda ba ta bukatar kome sai ruwan zafi da minti uku, kuma asalinta daga Japan ne.

Mutanen Japan suna da wani abinci da su ke kira ramen, taliyar alkama ce cikin romo. Daga Sinawa suka koya. A 1910 aka buɗe wani shago a unguwar Asakusa ta birnin Tokiyo, da masu dahuwa Sinawa, wanda a ke ƙirgawa cikin na farkon fari. Ana kwaɓa fulawar da wani ruwa ɗan'uwan ruwan kanwa, shi ke sa ta yi ɗorawa-ɗorawa ta yi danƙo, kamar dai aikin da kanwa ke yi a ɗanwake. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, shinkafa ta yi ƙaranci, Amurka ta riƙa kai musu alkama, sai rumfunan ramen suka yawaita a bakin tashoshin jirgi. Shagon ramen na unguwa ƙanƙane ne ƙwarai. Ɗan labule a bakin ƙofa, doguwar kanta, kujeru kamar goma, mai dahuwa yana tsaye a gaban masu ci. A shaguna da yawa sai ka sayi tikiti a wata na'ura tukuna ka miƙa masa. Romon ya yini a kan wuta, taliyar kuwa sai an zauna a ke jefa ta a ruwa. Ana ci da 'yan sanduna biyu, ana zuƙa da ƙara, wannan ba abin kunya ba ne a wurinsu, kuma ba a zaman hira: wanda ya gama ya tashi, domin akwai mai jira a waje. Har akwai wani kamfani mai suna Ichiran, daga birnin Fukuoka, da ya sa allon katako tsakanin kujera da kujera, don kada mai ci ya ga fuskar na kusa da shi.

A nan akwai faɗakarwa ga fatake masu zuwa gabas. Romon da Fukuoka ta yi suna da shi na ƙashin alade ne, naman da a ke ɗorawa bisa ramen galibi na alade ne, kuma sau da yawa ana sa giyar shinkafa cikin kayan ɗanɗano. Ko an ce na kaza ne, sai an tambaya. Amma wanda fatauci ya kai shi Gwanzu ta ƙasar Sin, zai ga shagunan taliyar Lanzhou ta naman shanu, wadda Musulmin Sin ke ja da hannu har ta zama kamar zare. Ya dubi alamar halal a bisa ƙofa, galibi koriya ce.

Wani mutum mai suna Momofuku Ando, mazaunin Osaka, shi ya gano dabarar ajiye wannan taliya. Ya turara ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin tafasasshen mai, ruwan jikinta ya fice ya bar ƙananan kafofi. In an zuba ruwan zafi sai ya shiga ta kafofin nan ta koma kamar yanzu aka yi ta. Ya fitar da ita kasuwa a watan Agusta na 1958. Dabarar ta ƙetara zuwa Indunusiya, ƙasar Musulmi masu yawa, inda aka fara Indomie a 1972. Wasu 'yan kasuwa na kamfanin Tolaram suka fara shigo da ita Nijeriya a 1988, aka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a 1996, kāna wata a Kaduna a 2012, tafiyar kamar mil 50 daga Zariya. Bisa lissafin ƙungiyar masu wannan masana'anta ta duniya, a 2022 mutanen Nijeriya sun ci fiye da ƙunshi biliyan 2 da rabi. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne mafi yawan alkamar daga ƙetare ta ke zuwa, abin da a ke nomawa a Kadawa da Haɗejiya bai kai ko'ina ba. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, da cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023, duk suka sauko kan farantin ɗalibin Samaru. Mai cin biyu da ƙwai biyu ya koma ɗaya ba ƙwai.

To, mene ne hukuncin zama a wannan benci? Dattawa da yawa har gobe suna ƙyamar a gan su suna tauna a bakin titi, kuma suna da madogara. Malaman fiƙihu, a babin shaida, sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage muru'a, watau kamalar mutum, har abin ya iya taɓa karɓar shaidarsa a gaban alƙali. Amma su da kansu sun togace ɗan kasuwa wanda nan ne wurin yininsa, da wanda yunwa ta matsa wa, suka kuma ce muru'a tana bin al'adar wuri da zamani. Saboda haka ba a ɗora laifi ga baƙon da ba shi da murhu. Ya yi bisimilla, ya riƙe cokali da dama, ya biya abin da ya ci, ya tsare harshensa daga naman mutane, domin majalisar mai shayi ta fi taliya saurin dafa gulma. Magidanci mai iyali kuwa, wanda zai bar tuwo a rufe a gida ya zo ya ci ƙwai a ɓoye, 'ya'yansa ba su ga ƙwai ba tun salla, wannan maganarsa dabam ce, kuma ya san kansa.

Lalle akwai alheri a teburin nan wanda bai kamata a ɓoye ba. Mai shayi yakan ɗaga wa ɗalibi ƙafa har kuɗinsa su zo daga gida, ya rubuta a ɗan littafi, wani bashin ma ya bi ruwa. A farkon 2023, sa'ad da takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin naira, masu shayi da yawa suka koyi karɓar kuɗi ta waya, ciniki bai tsaya ba. Kuma a bencin nan Bahaushe da Bayarabe da Igbo da mutumin kudancin Kaduna suna zama kafaɗa da kafaɗa, ana musun ƙwallo da na siyasa, ba allon katako a tsakani. Ta wannan fuska ya fi shagon Fukuoka.

Amma babbar mas'ala ba ta hukunci ba ce, ta tukunya ce. Tukunyar tuwo ba a auna ta da yawan bakuna daidai wa daida. Uwargida ta tuƙa, ta sa mara ta kwashe: ga kwanon maigida da za a fitar zaure a yi ciyayya da maƙwabta, ga na yara, ga na tsohuwar gidan can, ga wanda a ke ajiyewa ko baƙo zai sauka. Abin da ya kwana ya zama ɗumame, abin da ya kama gindin tukunya ya zama ƙanzo. Malamai sun san hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik game da yadda abincin kaɗan ke isar masu yawa. Zaure shi ne inda a ke ganin wannan da ido. A kan wannan ragowa aka gina makarantar allo ta ƙasar Hausa. Uba ya kawo ɗansa daga ƙauye ba da buhun hatsi ba, malam kuma ba shi da rumbun da zai ciyar da yara hamsin. Unguwa ce ke ciyarwa, gida-gida, yaro ya tsaya a soro ya ce, "Iya, ko ɗan ƙanzo," a miƙo masa, sau da yawa ma ya zama ɗan gidan, yana yi musu aike.

Taliyar leda ba ta da ƙanzo. An auna ta tun daga masana'anta, giram 70 ƙaramar, giram 120 wadda ta ɗara ta, cikin mutum ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Ba ta kwana ta yi daɗi, ba a ɗumama ta. Wanda ya saya da kuɗinsa na ƙarshe yakan ce wa na kusa da shi "Bisimilla", shi kuwa ya amsa "Alhamdu lillahi", kowa ya san maganar ladabi ce kawai. Almajiran Hayin Dogo da Muciya, da suka zaga layin ɗakunan haya ba su sami gidan da aka ɗora tukunya ba, sai su gangaro bakin titi su tsaya nesa kaɗan da hasken fitila da robobinsu, suna duban hannun mai ci. Wannan tsayuwa ba irin ta soro ba ce. A soro yaro yana karɓar rabon da aka riga aka ware masa. A nan kuwa jira ya ke wani ya ƙoshi ya rage, a wurin da mutane ba su cika ƙoshi ba. Mai wayo daga cikinsu ya kama wanke-wanke da ɗebo ruwa wajen mai shayi, ya sami guntun burodi da ɗan shayi, amma ya koma makaranta bayan an kashe wutar karatun dare, da asuba yana gyangyaɗi a kan allo.

Ba mai shayi ya jawo wannan ba, ba kuma ɗalibin jami'a ba. Uban da zai tura yaro ɗan shekara bakwai zuwa Samaru ya kamata ya san ba birnin Zazzau na zamanin kakansa ya tura shi ba, malamin da zai karɓa kuma ya ƙirga gidajen da ke tuƙa tuwo a unguwarsa kafin ya ƙirga alluna. Attajiran Sabon Gari masu sayar da taliyar nan katan-katan, su ne suka fi kowa sanin yawan cikin da ke kwana a kanta. Wanda ya ajiye mudu biyu na masara kullum a gidan malamin unguwarsa, a tuƙa wa yara a can, ya yi abin da canjin da a ke miƙawa ta tagar mota ba zai yi ba.

Wajen ƙarfe goma sha biyu na dare titi ya yi tsit, mai shayi ya kashe gas, ya jawo katan ya duba. Katan na ƙaramar taliya ƙunshi 40 ne. In ya sami bakwai a ciki, ya san 33 suka fita, ya lissafa da kiret ɗin ƙwai da kuɗin aljihu da na waya da na littafin bashi, har sai sun yi daidai. Sa'an nan ya ba yaron da ya wanke farantai ladansa, ya kife benci a kan tebur.