Ƙarfen da bai narke ba

Duk shekara da kamawar Satumba sai hoton nan ya sake yawo a WhatsApp: ginshiƙin ƙarfe cikin ɓaraguzan tagwayen benayen New York, an datse shi a karkace. Masu turawa su ce ga shaida, bam aka dasa, ba jirage ne suka rushe su a 2001 ba. Alhali ma'aikatan kwashe ɓaraguzai ne suka yi yankan da wutar walda bayan rushewar.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce wai man jirgi ba ya narka ƙarfe. Gaskiya ne. Ƙarfen gini sai ya kai kusan digiri 1,500 yake narkewa, gobarar kuwa iyakarta wajen 1,000. To wa ya ce sai ya narke? Maƙeri ba ya jiran ƙarfe ya zama ruwa kafin ya ƙera fartanya. Da ya yi ja, ya lanƙwasu. A wajen digiri 600 ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙwarinsa. Ga shi jiragen sun riga sun karya ginshiƙai, sun kankare abin da aka shafe ƙarfen da shi don kare shi daga zafi, ga nauyin hawa da yawa a sama. Benen kudu ya jure minti 56, na arewa minti 102.

Sai dai hukumomin Amurka su ma sun ba da ƙofa. Kafin ƙarshen Mayun 2002 an kwashe kimanin tan miliyan 1.8 na ɓaraguzai, aka sayar da yawancin ƙarfen ga masu narkawa, har Sin da Indiya. Guntayen ƙarfe 236 kawai hukumar bincike ta NIST ta samu ta duba. Iyalan mamata sun koka da wannan gaggawa tun a lokacin, kuma suna da hujja.

Abin da ya cancanci hayaniya shi ne ƙurar da rushewar ta tayar: garin siminti, gilashi da asbestos. Mako guda bayan harin, shugabar hukumar kare muhalli, Christine Todd Whitman, ta ce iskar ba ta da illa. A 2003 mai binciken hukumar kansa ya ce ba su da isassun bayanai da za su faɗi haka. Dubban 'yan kwana-kwana da leburori sun kamu da ciwon huhu da sankara, kuma sai a ƙarshen 2010 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Zadroga don kula da lafiyarsu.